Ba Iskokinki Ba Ne, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa kina cikin rahama. Ni ce Rabi, autarki, nake rubuto miki daga gidanmu na unguwar Jurf a nan Madina, a gaban keken ɗinkin nan da kika sha cewa zai cinye mini ido. Ko saƙon mai rai yana isa ga wanda ya riga mu, wannan sanin na Allah ne. Abin da na tabbata shi ne mutanen unguwa za su karanta, don a waya zan sa shi inda kowa zai gani. To su karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma tunda sunanki suka ɗauko suna ja a ƙasa, ke ya kamata in fara faɗa wa.

Sumayya ce ba lafiya. Jikarki, wadda kike kira ƙawata, wadda kika goya har zaninki ya koɗe a baya. Budurwa ce yanzu, ta fi ni tsawo, kuma halinta na nan yadda kika bar shi. Tun da ta shiga makaranta ta daina amsa mana da Hausa, irin na 'ya'yan da aka haifa a ƙasar nan. In na ce ta zo ta ɗauke kwanuka, sai in ji daga ɗaki, “Ɗayyib ya Ummi, dagiga,” wato in jira ta minti ɗaya, mintin da ba ya ƙarewa. Kina yi mata faɗa kan haka, tana yi miki dariya, kina jifanta da mafici.

Da ciwon kai abin ya fara, da ɗan zazzaɓi. Muka ba ta magani muka ce gajiya ce. Sai barci ya ƙaurace mata. Sai mantuwa: ta ajiye abu a hannunta tana nemansa, ta yi salla ta sake tayarwa. Daga nan ta fara tsoron abin da ba ya nan, tana cewa a kashe fanka don ana magana a cikinta. Bakinta ya riƙa motsi kamar mai tauna, alhali babu komai a ciki. Na tsorata, Inna, irin tsoron da ban taɓa yi ba, har ranar da aka fita da ke.

Wata safiya Gwaggo Hadiza, ƙanwar Baba, ta taso daga unguwar Ranuna ta zo dubiya. Muna zaune a tsakar gida ina dama koko, Sumayya tana jingine da bango ba ta ce wa kowa uffan ba tun jiya. Sai kawai ta ɗago kai ta dube ni, ta ce da Hausa tsantsa, da harshenki na Damagaram: “Ke ɗiyar nan, ruhe tukunya, albarka na hita.”

Maganarki ce. Yadda kike jan ta, yadda kike sauke ta, haka ta fito. Gwaggo ta ajiye kofi a ƙasa a hankali, ta ambaci sunanki, ta ce, “Wannan ba Sumayya ba ce ke magana. Yarinyar da ba ta Hausa?”

Kafin la'asar labari ya gama Jurf ya tsallaka Ranuna. Wai lokacin da kike yarinya, kuna tahowa da ƙafa daga gida, da kuka yada zango a Sudan kuna aikin auduga don ku samu na jirgin ruwa, kin zauna a gidan masu zar, wato borin can, kin kwaso iskoki. Wai kin ɓoye su duk tsawon rayuwarki, sun tsallake ni don jinina bai yi musu ba, yanzu sun sauka a kan jikarki suna neman a yi musu yanka. Matan da suka ci tuwonki, waɗanda kika karɓi haihuwarsu, kika wanke gawar iyayensu, su ne suke gyaɗa kai suna cewa dama sun lura. Me suka lura da shi? Ke da ko turaren wuta ya yi yawa a ɗaki sai kin ce a buɗe taga. Ke da kika tsufa kina jan ƙafa zuwa Harami da carbi a hannu, ba ki taɓa yarda an ɗaura wa ɗayanmu laya ba.

Ni ban ji aljani ba a maganar nan. Na ji yarinyar da ta koyi magana a bayanki. Wa ya koya mata sunan ruwa da na wuta? Da wane harshe aka yi mata waƙar yaye? Larabci daga baya ya zo ya zauna a sama. Da kanta ya rikice, abin sama ya zube, na ƙasan tukunya ya fito. Na faɗi haka a gaban Gwaggo, ta ce mini abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na haɗiye amsata, don ƙanwar ubana ce.

Ranar da ta faɗi tana karkarwa, kumfa na fita a bakinta da rana tsaka, babanta ya ɗauke ta muka yi asibiti ba mu shawarci kowa ba. Aka yi hoton kai, aka ɗebi jini, ba a ga wani abin kirki ba. Wata likita, mace mai ƙaramar murya, ta ce tana so a ɗebi ruwan ƙashin bayanta a aika a duba, amma sakamakon zai ɗauki lokaci. A cikin wannan jiran ne Yaya Idi ya zo.

Kin san ɗanki. Yana son Sumayya, ba zan yi masa ƙarya ba, shi ya yi mata huɗuba. Ya zo da jajayen idanu ya same ni a ƙofar ɗakin da take kwance, ya ce, “Rabi, khalas, ya isa. Mustashfa ba ta da maganin wannan. Na kawo sayyara, akwai mutum a wata gona ta wajen Badar, ko aljani mai taurin kai ne yana fitar da shi.” Mustashfa asibiti ke nan, sayyara kuma mota. Na san mutumin da yake nufi, kowa ya san shi. Hayaƙi yake turawa a hanci, yana duka da bulala, wai ba marar lafiya yake duka ba, wanda ke cikinsa ne.

Na tashi na tsaya a bakin ƙofar. Na ce, “Yaya, Alƙur'anin da zai karanta mata a Badar ga shi a jakata, safe da yamma nake karanta mata. Bulalar ce ba ni da ita, kuma ba na so.” Ya juya wajen baban Sumayya yana jiran namiji ya yi magana. Kin san mijina, mutum ne da in ana gardama yake duban takalminsa. Ranar sai ya matso ya tsaya kusa da ni, ya ce, “Idi, uwarta ta gama magana.” Yaya ya tafi bai yi mana sallama ba. Ban taɓa tare wa yayana hanya ba tun da aka haife ni, amma ranar ban matsa ba.

Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Larabci, ta maimaita har na gane. Bari in faɗa miki da Hausa yadda na ɗauke shi, don masu karatu ta bayan kafaɗata su ma su ji.

Allah Ya sa wa kowane jiki masu gadi, su ake kira garkuwar jiki. Ƙwayoyi ne a cikin jini da ido ba ya gani, kuma ba su da baki, don haka da wasu ƙananan sinadarai suke aika wa juna saƙo. Kin tuna in allura ta soke ni yatsa ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi? Aikin waɗannan 'yan aiken ne. Su suke kiran masu gadi su taru a wurin, su buɗa hanyoyin jini, su ɗaga zafin jiki. Zazzaɓi ma da umarninsu yake zuwa. Kamar ihun ɓarawo ne a unguwa: mutum ɗaya ya yi, na kusa ya karɓa, kowa ya fito da sanda. In an kama ɓarawon, akwai wasu 'yan aiken da aikinsu shi ne su ce a koma gida, ƙura ta lafa.

A jikin Sumayya an yi ihu, amma babu ɓarawo. Garkuwarta ta yi kuskure ta ɗauki wani sashe na ƙwaƙwalwarta a matsayin baƙo. Ta ƙera makami ta aika, ya je ya toshe wuraren da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon junansu, wuraren da tunani da magana da barci suke bi. Likitar ta ce akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ba ya barin komai ya shiga sai da izini. To 'yan aiken nan, in sun yi yawa, su ne suke sassauta shingen. Na ce mata mu a wajenmu cewa muke sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ta yi murmushi ta ce haka ne. Masu gadin jini suka kutsa ciki. Ita ma ƙwaƙwalwar tana da nata masu tsaron na cikin gida, da suka ji ihu sai suka tashi suka kama nasu ihun, nasu ya kira wasu daga waje, na waje suka ƙara tayar da na ciki. Haka abin yake ta zagayawa babu mai cewa a tsaya, ƙwaƙwalwa tana ƙuna. Wannan ƙunar ce ta hana ta barci, ita ta sa ta ji murya a fanka, ita ta kayar da ita.

Na tambaye ta ko gado ne, don in san abin da zan faɗa wa masu jan sunanki. Ta ce ba abu ne da uwa ke miƙa wa 'ya kai tsaye ba, kuma sau da yawa ba a gano abin da ya tayar da ihun farko. Na tambaye ta ko ta gani da idonta. Ta ce makamin nan an same shi a ruwan bayan yarinyar, a ciki yake, ba zato ba ne. Da ɗan gari akan ci gari, Inna. Jikinta ne ya juya mata, kuma da an kai ta Badar, jikin da ke dukan kansa daga ciki za a ƙara wa duka daga waje.

Aka fara da magani mai ƙarfi ta jijiya don a kwantar da garkuwar gaba ɗaya. Aka jona ta da na'urar da ke tace ruwan jininta tana fitar da makaman. Ta ɗan farfaɗo, sai ta sake komawa, har aka kai ta ɗakin da ba a barin kowa ya zauna, don numfashinta da bugun zuciyarta sun fara tangal-tangal. A nan likitar ta ce za su gwada wani maganin da ke toshe kunnen da ake jin ɗaya daga cikin 'yan aiken nan da shi, wanda ya fi kowa rura wutar. Ko ya yi ihu, ba mai ji. Amma ta gargaɗe ni cewa in aka sa masu gadi suka yi shiru, gida ya zama a buɗe. Murar da wani zai yi atishawa ya wuce, ita tana iya kai ta ƙasa. Saboda haka babu taro a kanta, ko a asibiti ko in an koma gida.

Na hana dubiya, Inna.

Na san nauyin abin da na faɗa. Ke kika koya mini cewa marar lafiya ba ya kwana shi kaɗai, kuma a ƙasar da ba ta kakanninmu ba, dubiya da jana'iza su ne igiyar da ta ɗaure mu. Na ga yadda kike dafa kunun gyaɗa ki zuba a flas ki bi gidaje. Mata suka zo ayari-ayari, 'yan Kano da 'yan Nijar da na Chadi da na Sudan, da kuloli da dabino da ruwan tofi, kowacce tana son ta dafa goshinta ta tofa mata addu'a. Na tare su a waje. Na karɓi abincin, na yi godiya, na ce su yi mata addu'ar daga nan, Allah Yana ji. Wata ta ce, “Lesh ya Rabi, don me? Mu ne za mu cuce ta?” Na ce ba ku ba, tarin da kike yi tun da kika zo. Ta juya da kularta.

Suka ce ɓoye ta nake yi don kar a ji iskokinki suna magana. Suka ce na zama Baturiya. Aka yi suna a layinmu ba a aiko mini ba, aka yi biki na ji guɗa daga taga. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba, don a cikinsu na tashi kuma ba ni da wasu mutanen da suka wuce su. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wadda ta fi ƙona ni ita ce maganar Gwaggo Hadiza, kuma da kyakkyawar zuciya ta yi ta, shi ya sa ta fi zafi. Lokacin Sumayya tana wancan ɗakin, ba ta san wanda ke kanta ba. Gwaggo ta kama hannuna a barandar asibiti, tana kuka, ta ce, “Rabi, ki daina wahalar da ita da allurai. Ki kai ta gida ki bar wa Allah. In ma tafiyar ce, a Madina take. Mutane nawa suka sayar da gonakinsu don su samu maƙabartar Baƙi'a ba su samu ba? Ga kakarta can tana jiranta.”

Na san daga inda maganar ta fito. Don wannan ƙasar kuka baro gida, kuka binne 'yan'uwa a hanya. Mu mutane ne da in an ce wane ya rasu a Madina, kafin a ce Allah Ya jiƙansa an ce ya dace. Ni ma ina roƙon Allah Ya ba ni kwanciya a nan in lokacina ya yi. Amma yaushe falalar maƙabarta ta zama dalilin janye wa yarinya magani? Na zare hannuna daga nata, na ce, “Gwaggo, Wanda ya saukar da cutar Shi ya saukar da maganin, kuma a hannun wannan likitar Ya ajiye shi. Baƙi'a ba ta cika ba, ba kuma gudu za ta yi ba.” Tun ranar ba ta sake taka gidana ba.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Bakin ya fara daina motsi. Sai barci ya dawo, ta riƙa yinsa kamar tana biyan na baya. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta janye ƙafar ta yamutsa fuska ta ce, “Ya Ummi, khalas, bas.” Wato ya isa haka. Shekara da shekaru ina faɗa kan wannan Larabcin da wannan tsiwar, ranar kuwa sai da na yi sujada a kan tayil ɗin asibiti.

Tana gida yanzu. Ba ta dawo duka ba, kar in yi miki ƙarya. Tana mantuwa, tana saurin fushi, fuskarta ta kumbura saboda magani har ta rufe madubin ɗakinta da ɗankwali. Watannin ciwon sun goge a kanta, ba ta tuna ko ɗaya. Likitar ta ce ihun yana iya sake tashi, don haka za mu ci gaba da zuwa ana ƙara mata magani, ana dubawa. Yaya Idi ya aiko da dabino daga Badar ta hannun matarsa, bai haɗo da magana ba. Na karɓa, na wanke, na ba ta ta ci. Na ji kuma har yanzu ana cewa iskokin lafawa suka yi, za su dawo, kuma in sun dawo zan kai ta Badar da kaina. To ga amsata a rubuce, kowa ya gani: in ciwon ya dawo, asibiti za mu koma, kuma ni ce dai a bakin ƙofa.

Na ba ta labarin abin da ta faɗa da muryarki. Ta tambaye ni ko da gaske ta iya. Na ce ta iya, har da jan harshen. Sai ta kwantar da kanta a cinyata, babbar budurwa, ta ce in faɗa mata wasu maganganunki, don ita sai ƙamshin mayafinki take tunawa. Na faɗa mata yadda kike cewa ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne in mun taɓa murhu, da yadda kike kiran kowace mota jirgi. Ta yi dariya har ta yi tari. Ni kuma na yi kewarki, Inna. Da kina nan da ba ni kaɗai zan tsaya a ƙofar nan ba, na san da mafici za ki kore su.

Ba ki bar mana iskoki ba. Kin bar mana harshe, da taurin kan da ya ɗauko ki daga Damagaram da ƙafa ya kawo ki garin Manzon Allah. Shi na gada, da shi na tare yayana da gwaggona da unguwa guda, kuma ban yi nadama ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya wanke sunanki a bakin waɗanda suka ɓata shi, Ya yafe musu don tsoro ne ya sa su. Allah Ya saka wa likitar nan da alheri. Allah Ya kwantar da abin da ya tashi a jikin Sumayya, Ya sa kar ya sake tashi. Kin samu ƙasar da kika roƙa, ki huta a cikinta. Ƙawarki kuwa ki yi haƙuri, ba yanzu ba. In Allah Ya ƙaddara ba ni da ta cewa, amma ba da hannuna za a miƙa ta ba. Roƙona shi ne sai ta binne ni, ta yi furfura, ta goya nata jikokin har zaninta ya koɗe, sannan ta zo ta same mu.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Rabi
Jurf, Madina